Sawun Kurtu a Kan Allo

Mai kemis ɗin bakin layinmu macuci ne. Ya yi maguɗi a wasa, ya kuma yi wa mijin ƙanwata ƙazafi alhali ya san gaskiya. Ban faɗi wannan a bayan idonsa ba sai da na faɗa a gabansa. Ni ma ina da kasona a cikin laifin, in an zo wurin ba zan tsallake ba.

Ni kafinta ne. Ban yi nisa a makaranta ba, ɗan abin da na sani da kaina na tsinto shi. Ina da shekara arba'in da huɗu na koyi ces, darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki, da ƙananan 'ya'ya takwas a sahun gaba waɗanda muke kira kurata. Mu bakwai ne muke bugawa, duk magidanta, babu wanda bai haura arba'in ba. Kowace Asabar daga ƙarfe uku zuwa shida muna haɗuwa a ɗakin bayan kemis, inda ake tara kwalayen magani. Rufin kwano ne, taga ɗaya, da fanka mai kukan tsohon babur, da dogon kabad na ƙarfe. A bango akwai baƙin allo da aka jera sunayenmu da alli, gwani a sama. Na sama shi ke zama a kujera mai hannu ta kusa da taga, mu saura mu matsu a benci. Shekara goma sha ɗaya sunan mai kemis bai sauko ba. Shi ya sa ake ce masa Farfesa, shi kuwa yana amsawa kamar da shi aka raɗa masa.

Muna da doka guda da ba a taɓawa. Shida na bugawa an tashi, domin lokacin cinikin kemis ne. Wasan da bai ƙare ba sai a ɗauki allon yadda yake da 'ya'yansa, a ɗora a kan kabad, a kife masa kwali, a kulle ɗakin sai wata Asabar. Mukulli ɗaya ne, yana aljihun Farfesa. Shekara takwas na yi ina ganin haka, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Mijin ƙanwata direban babbar mota ne, Direba muke ce masa. Shekara shida sunansa yana ƙasan allo. Tela, wanda bakinsa ba ya hutawa, yakan ce a daina wahalar da alli a rubuta shi da fenti. Wasansa irin tuƙin sabon shiga ne: ya fito da sarauniya tun da wuri, ya yi ta gudu da ita, a tare shi a kwana a cinye. Ya yi dariya ya sake jera 'ya'ya.

Sai ya faɗo daga bayan mota yana ɗaure tamfol, ƙafa ta karye. Wata biyar yana kwance. Ranar da ya dawo da sanda a hannu, ya zauna gaban Tela ya cinye shi. Tela ya ce bai yi barcin rana ba ne. Asabar ta gaba ya ci Malam, wanda ke koyar da lissafi a sakandare. Ta gaba ya zauna a gabana.

Abin da na fara lura da shi, ya daina gaggawa. Hannayensa yana cusa su ƙarƙashin cinyoyinsa, ya zura wa allo ido har ka gaji. Na ɗana masa tarkon da ya faɗa ciki ya fi sau ashirin a baya, ya dube shi, ya kewaye kamar mai kauce wa rami a titi. Can ya ce, "Yaya, dokinka ba shi da mafita." Na duba, haka ne. Muka sake, ya sake cinye ni. Cikin wata biyu sunansa ya zama na biyu a allo, nawa ya sauko na biyar.

Ba zan ɓoye ba, abin ya ci mini rai. Shekara takwas ina wuri ɗaya kamar turke, ga wanda nake koya wa yadda doki ke tafiya ya wuce ni da ƙafa ɗaya.

Wata Asabar bayan an watse, Farfesa ya riƙe mini hannu a bakin ƙofa.

"Kafinta, kai mutum ne da ba ka tauna magana. Ka taɓa ganin ɗan shekara hamsin ya tashi daga ƙasan allo zuwa sama cikin wata biyu?"

Na ce ban taɓa ba.

"Ni aikina da jikin mutum ne. Ƙwaƙwalwa kamar siminti take, in ta wuce arba'in ta daskare. Abin da ka iya shi ka iya." Ya sassauta murya. "Ban ce komai ba fa. Amma ka ƙirga sau nawa yake shiga banɗaki. Yanzu akwai manhajar da in ka nuna mata allo a waya, za ta gaya maka takun da za ka yi. Ruwa dai ba ya tsami banza."

Na ce wayar Direba ƙarama ce mai maɓallai, fuskarta ma a fashe.

Ya yi murmushi. "Wanda zai yi sata, da wayar da kowa ya sani zai yi?"

Maganar ta shige ni domin ta zo daidai da abin da zuciyata ke so. Asabar ta gaba na ƙirga, sau huɗu ya shiga. Ta gaba sau biyar. Yana fitowa ina shiga. Na laluba bayan tankin ruwa, na shafa saman ƙofa, na ɗaga bokiti. Babu komai. Maimakon in ji kunya sai na ce a jikinsa take. Na koma kallon aljihunsa, da kunnensa, da kan sandarsa. In ya daɗe yana tunani in ce yana ɓad da sawu ne. In ya taka da sauri in ce an riga an gaya masa. Mai zargi ba ya rasa hujja, ko tari ka yi ya samu. Farfesa kuwa ya bi saura ɗaya bayan ɗaya da maganar da ya yi mini. Ɗakin ya canza. Direba na ɗaukar sanda ya nufi banɗaki sai a yi tsit, ana haɗa ido.

Ranar wata Laraba da la'asar na ɗauki guduma da sukudireba na tafi gidan ƙanwata, na ce na zo duba musu ƙofar falo. Na same su a tebur da ƙaramin allon roba a tsakani. 'Ya'ya uku ne kawai a kai, sarki biyu da kurtu ɗaya.

Na ce, "Wannan kuma wane irin wasa ne? Ina sauran?"

Ƙanwata ta ce, "Suna cikin gwangwani, Yaya. Tun yana kwance ya mayar da ni 'yar sandan hanya. Shi ya kora kurtu, ni in tare. Har a mafarki ina tare kurtu."

Dokar wasan ita ce, kurtun da ya isa layin ƙarshe ya zama sarauniya, wanda ya samu haka kuwa galibi ya ci. Direba ya nuna mini yana ƙirgawa da yatsu. "Ka gani, Yaya, kurtu yana buƙatar taku huɗu, sarkinta yana buƙatar biyar. Shi ke nan ya tsira. In biyar da biyar ne kuma ita ce da taku, ta kama shi. Shekara shida ban san ana ƙirgawa ba, gudu kawai nake yi ina addu'a."

A gefensa akwai littattafan rubutu guda huɗu irin na 'yan makaranta. Na ɗauki ɗaya ba tare da na nemi izini ba. Duk wasan da aka ci shi ya rubuta, taku bayan taku, a ƙarƙashi kuma da jan biro ya rubuta laifinsa. "Na yi gaggawa." "Na ga nama ban ga ƙugiya ba." "Na yi gaggawa kuma." Akwai wani tsohon littafi mara bango mai zanen alluna ɗari uku, kowanne da tambayar yadda za a kashe sarki. Gefen kowane zane ya ja layi biyar da fensir.

"Sau biyar na bi shi daga farko har ƙarshe," in ji shi. "Wata biyar ina kallon silin, mutum ko ya haukace ko ya samu abin yi. Na tambayi kaina, shekara shida ana cin ka, me ka taɓa canzawa? Babu. Kullum a kwana ɗaya nake kifewa. A da gabana kawai nake kallo. Yanzu kafin in taɓa ɗa sai na duba madubi, in ga me na bayana yake shirya mini. Shi ya sa nake zama a kan hannuna, don kuwa ya fi kaina sauri."

Duk wannan na gani da idona. Da ina da adalci da a nan maganar ta mutu. Amma ina sauraronsa idona yana yawo a kan kanta da ƙarƙashin matashin kujera, ina neman waya ta biyu. Ƙanwata ta lura.

"Yaya, ƙofar nan lafiyarta ƙalau, kai ka kafa ta bara. Me ka zo nema?"

Na ce wucewa nake yi. Ta raka ni bakin ƙofa.

Da na ba Farfesa labarin littattafan, sai ya ce, "Wayo ke nan. Ɓarawon kirki ai da rasit yake yawo."

Asabar ɗin da aka tayar da maganar, Farfesa bai buɗe baki ba. Ni na buɗe. Wannan shi ne kasona. Na miƙe a gaban kowa na ce, "Direba, mutane suna zarginka da amfani da waya a banɗaki. Ni ma ina zarginka. Gara a faɗa maka da a yi ta yi da kai."

Ya daɗe yana kallona. "Har da kai, Yaya?"

Sai ya juya ya kalli Farfesa, kamar mai jiran a ce wani abu. Farfesa yana goge tabarau.

Babbanmu a shekaru tsohon ma'aikacin gidan waya ne, Baba Fansho, shi ke raba gardama. Ya yanke cewa Asabar mai zuwa Direba zai buga da Farfesa wasa ɗaya. Babu waya a ɗakin, ta kowa da kowa. Babu littafi, babu biro. In zai shiga banɗaki a raka shi. In ya ci ko aka yi canjaras, duk mu ba shi haƙuri. In aka ci shi, a goge sunansa ya bar mu.

Tela ya ce, "Baba, tsaya. Wanda ba ya iya cin Farfesa ɓarawo ne? Ashe duk nan ɓarayi ne, a rufe ƙofa a kira 'yan sanda."

Babu wanda ya yi dariya. Aka ɗaga hannu, mu biyar muka yarda. Direba ya ce ya ji, zai zo.

Muna da alluna uku, babban cikinsu ni na haɗa shi da katako fari da baƙi, a gindin kowane ɗa na manna koren ƙyalle don kada ya karce. Farfesa ya ce babban wasa sai da allo mai kyau, in tafi da shi in sabunta masa fuska. Na goge shi Litinin da Talata, Laraba na shafa masa man sheƙi, na kuma cika hannu. Man nan yana son mako guda kafin ya kama sosai. Na gaya wa Farfesa, ya ce in kawo haka, ai ba cinsa za a yi ba. Na kawo. Sama ta bushe, ciki ɗanye ne.

Ranar wasa aka tattara wayoyi aka kulle a durowar kanti. Tela aka ba rakiya, ya ce shekara talatin yana ɗinki yau ya samu ƙarin girma zuwa mai gadin banɗaki. Aka fara. Ana ɗaga ɗa sai ka ji ɗan ƙara, ɗas, saboda man bai gama kamawa ba. Direba ya fita sau uku, Tela yana tsaye a ƙofar da aka bari a buɗe rabi. Ya dawo ya zauna a kan hannunsa ya ci gaba da irin wasan da yake yi, babu abin da ya ragu.

Wajen biyar da rabi allo ya yi fili. Manyan 'ya'ya duk sun tafi, saura sarki biyu da kurata huɗu huɗu. Uku uku sun cije da juna a gefe guda, ɗaya na Farfesa ya maƙale, ɗaya na Direba kuwa yana can bakin allo shi kaɗai, hanya a buɗe. Takun Farfesa ne. Ya dafe kai. Minti goma, minti ashirin, fanka tana ta kuka. Yana kallon allo yana satar kallon agogon Baba Fansho. Shida ta buga ya ce, "Doka doka ce." Ni da Baba muka ɗaga allon muka ɗora a kabad, aka kife kwali, aka kulle, sannan aka raba mana wayoyi a waje. Babu wanda ya ɗauki hoto, babu wanda ya rubuta. Ni kuwa da za a yanka ni ba zan iya faɗin gidan da kowane ɗa yake ba, domin awa uku na yi ina kallon aljihun mutum maimakon allo.

Ranar Talata ƙanwata ta zo shagona. Ta gaishe ni a tsaye, ta ƙi zama. Ta ajiye wata ƙaramar ambulan ta magani a kan bencin aikina.

"Rubutun wa ke jiki, Yaya?"

Na san rubutun, na Farfesa ne, shekara takwas ina ganinsa a baƙin allo.

"Hawan jini ne da mijina. Tun yana kwance aka gano. Maganin yawan fitsari yake sa shi, wanda ya sayar masa shi ya gaya masa haka da bakinsa. Likita ya ce in yana sha ba abin da zai hana shi tuƙi, amma kamfani ba ya jiran bayanin likita, suna ji za su sauke shi daga doguwar hanya. Shi ya sa ya roƙi mutumin nan ya rufa masa asiri. Mutumin ya san mijina ba zai iya kare kansa ba, shi ya sa ya zaɓi nan ya soka." Ta ɗauke ambulan ɗin. "Ya hana ni faɗa. Na faɗa maka don kai yayana ne, ba don ka cancanta ba."

Ta tafi. Na tsaya da zarto a hannu har katakon ya zame ya faɗi. Yanzu Direba ya bar doguwar hanya da kansa, shi ya ba ni izinin faɗin wannan. A lokacin kuwa bakina a ɗaure yake kamar nasa. Abin da ya canza kawai, zargin da nake ɗauke da shi ya juya ya fuskanci wani wuri. Na tuna minti ashirin da biyar ɗin nan. Na tuna mukulli.

Makon ya yi zafi ƙwarai, kwanon shagona har ƙara yake yi da rana. Asabar Farfesa ya buɗe ɗaki da fara'a, har da tambayar Direba ya ƙafa. Muka sauko da allo, aka ɗage kwali. Direba ya zauna, ya duba, bai cusa hannu ƙarƙashin cinya ba.

"Wannan kurtun ba nan yake ba. Yana gida ɗaya gaba."

Farfesa ya yi dariya. "To, an fara."

"Taku huɗu ya rage masa. Na ƙirga ya fi sau goma kana tunani. Ina isa gida na rubuta." Ya zaro littafi daga aljihu.

Farfesa ya ce, "Kai ka rubuta, kai za ka karanta, kai ne kuma shaida. Jama'a, kun gani ko? An raba shi da waya, ko wasansa ba ya iya tunawa."

Baba Fansho ya tambayi wanda ya tuna. Malam ya ce kamar dai a gaba yake, amma ba zai rantse ba. Wani ya ce shi kamar nan ya gan shi. Tela ya ce shi banɗaki aka ba shi, ba allo ba. Baba ya numfasa ya ce babu yadda za a yi, sai a ci gaba yadda aka samu.

Na ga Direba yana ƙirgawa da yatsu a ƙarƙashin tebur. Biyar da biyar, kuma takun Farfesa ne. Za a kama kurtun, sarkin Farfesa ya dawo ya cinye saura. Ya rufe littafinsa ya miƙa hannu wajen sandarsa.

A lokacin ne warin man sheƙi ya bugi hancina, wanda zafin kwano ya tayar a ƙarƙashin kwali.

Na ce, "Kada wanda ya taɓa allon nan."

Na kama sarkin Farfesa na ɗaga. Ya ɗan cije kafin ya saki, ɗas. A gidansa ga zobe a kwance cikin man, da ɓurɓushin koren ƙyalle. Na mayar. Na ɗaga sarkin Direba, haka. Na bi kurata ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya cije, kowanne ya bar zobe. Na bar na gardamar a ƙarshe. Na sa yatsu biyu, ya taso kamar busasshen ganye. Ƙarƙashinsa sumul, babu ko tabo.

Na ce Tela ya kama mini gefe, muka ɗan karkata allon wajen taga. A gidan da ke gaba, wanda babu komai a kai, ga zobe nan ɓaro-ɓaro da koren ɓurɓushi. A gefensa man ya dusashe, alamar an sa yatsa an murza, ya ƙi fita.

Na ce, "Ni na shafa man nan, na san halinsa. Ɗa ba ya barin irin wannan sawu sai ya kwana uku ko huɗu a wuri ɗaya cikin zafi. Kurtun nan a gidan gaba ya zauna har man ya bushe. Bayan ya bushe aka dawo da shi baya, jiya ko yau da safe. Shi ya sa sabon gidan bai kama shi ba."

Kowa ya juya ya kalli Farfesa.

Farfesa ya ce, "Ɓeraye sun yi yawa a ɗakin nan. Kowa ya sani."

Tela ya ce, "Ɓeran da ya ɗaga kwali, ya ja kurtu gida ɗaya cif, ya murza wurin da yatsa, ya mayar da kwali? Baba, a rubuta sunansa a allo, wallahi ya fi ni iyawa."

Baba Fansho bai yi dariya ba. "Mukullin ɗakin nan nawa ne?"

Farfesa ya cire tabarau ya mayar.

"Ina tambaya. Nawa ne?"

"Ɗaya ne."

"A wurin wa ya kwana?"

Farfesa ya kau da kai wajen taga. Malam ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa, "Shekara biyu da suka wuce na bar wasa a kan kabad ɗin nan ina da rinjaye. Da aka sauko na ga dokina a inda ban gane ba. Na ce tsufa ne." Wani ya ce shi ma ya taɓa jin haka. Kowa ya ɗaga kai ya kalli kabad, ana lissafin wasa nawa ya kwana a kansa cikin shekara goma sha ɗaya.

Na dubi Farfesa na ce, "Kai macuci ne. Ka taɓa allo a bayan idonmu, wannan ɗaya. Na biyu ya fi muni. Ka san dalilin da ya sa bawan Allahn nan yake fita, ka fi kowa sani, ka kuma san ba zai faɗa ba. Ka ɗauki amanar da ya ba ka ka yi masa wuƙa da ita, ka ba ni na daɓa masa." Na juya wajen Direba. "Ni kuma hassada ce ta ja ni. Na ga aikinka da idona na ƙi yarda, don yarda tana nufin ni ne malalaci. Ka yafe mini."

Ya ce, "Ya wuce, Yaya." Ƙanwata ce ba ta huce da wuri ba, sai da ta yi wata biyu tana aiko mini da gaisuwa ta bakin mijinta.

Baba ya ce wasa ya ƙare, an ba Direba. Direba ya girgiza kai.

"A'a, Baba. Ba na son kyauta. A mayar da shi gidansa mu ƙarasa."

Na ɗora kurtun a kan zobensa, ya zauna daidai kamar ƙafa a takalminta. Farfesa ya matso da sarki. Direba ya tura kurtu. Sarki ya bi, kurtu ya ƙara gaba. A taku na huɗu ya isa layin ƙarshe, sarkin ya makara da taku ɗaya. Tela ya laluba cikin gwangwanin 'ya'ya ya miƙo sarauniya da hannu biyu. Farfesa ya tashi ya shige kanti, ya ce ana jiransa, alhali babu kowa a gaban kanta.

Washegari na sayi littafin rubutu da jan biro. Yanzu ina na uku a allo, ina da shekara hamsin da huɗu. Simintin da aka ce ya daskare ashe bai daskare ba.

A ranar wasan Baba Fansho ya goge sunan mai kemis da tafin hannunsa. Muka kwashe alluna uku da baƙin allon muka mayar shagona, inda wasan da bai ƙare ba ake rubuta shi a takarda biyu kowa ya tafi da ɗaya. Kujera mai hannu tasa ce, muka bar masa. Shekara biyu ke nan babu wanda ya zauna ya buga da shi, kuma babu mai ce masa Farfesa.